Darasin Gwamnati a Babbar Sakandare: Me Ɗan Tambuwal da Kebbe Ke Fita da Shi?

Darasin Gwamnati ɗaya ne daga cikin darussan da ɗalibi ke zaɓa idan ya shiga babbar sakandare, wato daga aji huɗu zuwa aji shida, kuma shi ne ƙofar farko ta nazarin siyasa a karatun boko na Najeriya. Ana rubuta jarrabawarsa a WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, da NECO, wadda ta zo a 1999, sannan yana cikin darussan da JAMB ke gwada masu neman gurbin jami'a a kansu. Mai son karanta kimiyyar siyasa ko sha'anin mulki da gudanarwa da wuya ya rabu da shi, kuma da yawa daga masu burin zama lauyoyi ko 'yan jarida da shi suke cika darussansu. A makarantun Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo da Kebbe, kamar sauran makarantun ƙasar nan, 'yan ajin adabi da zamantakewa ne suka fi ɗaukarsa. Ɗan ajin kimiyya kan gama sakandare bai taɓa zama ajin Gwamnati ko sau ɗaya ba.

An daɗe ana ja-in-ja a kan amfaninsa. Wasu iyaye na ganin darasin raggaye ne, inda ake tura yaron da lissafi ya gagara. Wasu na tsoron ya cusa wa yara son siyasa tun ba su mallaki hankalin kansu ba. Matsayar wannan sharhi ita ce darasin ya cancanci a riƙe shi hannu bibbiyu, a ɗaga darajarsa, a kuma buɗe ƙofarsa ga kowane ɗalibi. Amma yadda ake koyar da shi a yau, hadda da kwafe daga allo, ya zubar da rabin amfaninsa, kuma yankin Tambuwal da Kebbe na cikin wuraren da wannan asara ta fi ciwo, domin kayan koyarwar suna nan zube a ƙofar gida ba a ɗauka.

Dalilin da ya sa wannan mataki na karatu ya fi kowanne nauyi yana cikin kundin tsarin mulkin 1999 kansa. Kundin ya sa shekara 18 a matsayin shekarun jefa ƙuri'a, kuma a daidai wannan lokaci ne mafi yawan ɗalibai ke kammala aji shida. Haka kuma matakin ilimin da ya nema daga mai son zama ɗan majalisar jiha, ko na tarayya, ko gwamna, ko shugaban ƙasa, bai wuce na takardar shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta ba. Gyaran da aka yi wa kundin a 2018 ya sauko da shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Ke nan a idon doka, yaron da ya fito daga ɗakin jarrabawar WAEC ya isa zaɓen gwamna da zarar ya cika 18, bayan shekara bakwai kuma ya isa a zaɓe shi ya yi wa jiha doka. Ga ɗimbin 'ya'yan karkara sakandare ce makaranta ta ƙarshe. Idan ba a nan aka nuna masa yadda mulki ke aiki ba, a ina za a nuna masa? A bakin tasha ranar da motar kamfen ta iso? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Manhajar darasin ta kasu kusan gida uku. Kashi na farko ginshiƙai ne: mene ne ƙasa, mene ne iko, me ya bambanta ƙarfi da halascin mulki, nau'o'in gwamnati daga sarauta zuwa dimokuraɗiyya, tsarin shugaba mai cikakken iko da na firaminista, rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotuna, haƙƙin ɗan ƙasa, jam'iyyu, zaɓe, aikin gwamnati da ƙananan hukumomi. Kashi na biyu tarihin siyasar Najeriya ne: tsarin mulkin Hausa da Fulani, da na Yarabawa da na Ibo kafin zuwan Turawa, mulkin mallaka ta hannun sarakuna, haɗewar Arewa da Kudu a 1914, kundin Clifford na 1922, na Richards na 1946, na Macpherson na 1951, na Lyttelton na 1954, 'yancin kai a 1960, jamhuriya a 1963, juyin mulkin 1966 da abin da ya biyo baya. Na uku hulɗa da ƙasashen waje ne: Majalisar Ɗinkin Duniya, Tarayyar Afirka, ECOWAS, OPEC da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A rubuce, manhaja ce mai kyau. Babu abin da ya kamata ɗan ƙasa ya sani da aka bari a baya.

Matsalar tana cikin aji. Malami ya shigo da alli, ya cika allo da Turanci daga wannan gefe zuwa wancan: siffofin kundin Richards guda shida, alfanunsa huɗu, illolinsa huɗu. Ɗalibai sun sunkuya suna kwafa, na baya na miƙa wuya saboda kan na gaba ya tare masa, wanda birosa ya ƙare yana jiran na maƙwabcinsa. Kafin a gama kwafa an kaɗa ƙararrawa. Idan jarrabawa ta matso sai a koma ga littafin tambayoyin shekarun baya, a haddace amsoshi lamba bayan lamba. Yaro na iya zayyano sharuɗɗan zaɓe na gaskiya guda biyar ba tare da tuntuɓe ba, ya ci kiredit, amma a tambaye shi sunan kansilan gundumarsa, ko mene ne aikin kansila, sai ya yi shiru. Wannan karatun aku ne. Kuma laifin ba na malamin kaɗai ba ne: tambayar jarrabawa ita ke jan akalar koyarwa, ajin ya cika ya batse, littafi ya yi tsada, sau da yawa kuma wanda aka ba darasin ba shi ya karanta ba, an dai ga yana da sarari a jadawali ne.

Abin takaicin shi ne, ɗan Tambuwal na zaune a kan dami yana kwana da yunwa, kamar kazar da rashin sani ya cuta. A ɗauki babin tsarin mulki kafin zuwan Turawa. Littafin makaranta kan taƙaita shi a shafi biyu: Sarki a sama, sai Waziri, Galadima, Madawaki, Ma'aji, alƙalai, hakimai, dagatai, haraji da jangali, sannan a ce an raba daular gida biyu, Sakkwato da Gwandu. Ga ɗalibin Legas ko na Inugu wannan labarin nesa ne. Ga ɗan Tambuwal kuwa tarihin gidansu ne. Gwandu na nan kusa. Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato, tana ƙasar Boɗinga, kan hanyar da ɗan Tambuwal ke bi duk lokacin da zai je birni. Garin Tambuwal kansa tarihinsa na haɗe da Muhammadu Buhari ɗan Shehu. Sama da haka, shugabannin jihadi sun bar rubuce-rubuce a kan siyasa tsantsa. A Kitabul Farƙ, Shehu ya jera halayen mulkin zalunci da ya tarar, irin su ɗora wa talaka harajin da shari'a ba ta sani ba, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara. Shehu Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano domin shiryar da masu mulki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi. Me zai hana malamin da ke koyar da halascin mulki ya fara daga nan? Yaron da ya ji cewa kakanninsa sun yi wannan muhawara fiye da shekara 200 da suka wuce ba zai ƙara ɗaukar darasin a matsayin kayan aro ba.

A ɗauki babin rabon iko. Littafi ya ce majalisa na cin gashin kanta. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili a Jamhuriya ta Huɗu daga mazaɓar Kebbe da Tambuwal ya fito. A watan Yunin 2011, jam'iyyar PDP mai mulki ta ware kujerar kakakin majalisar wakilai ga yankin Kudu maso Yamma, ta kuma mara wa Mulikat Akande-Adeola baya. 'Yan majalisa suka ƙi, suka zaɓi Aminu Waziri Tambuwal da ƙuri'a 252, ita ta samu 90. A Oktoban 2014 ya sauya sheƙa zuwa APC, 'yan sanda suka janye masu tsaronsa, a watan Nuwamba kuma aka rufe ƙofar majalisa har wasu 'yan majalisa suka haura ta sama. A wannan labari ɗaya akwai tambayoyin da za su ishi aji mako guda. Wa ke da ikon zaɓen kakaki, jam'iyya ko 'yan majalisa? Me sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya tanada game da ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi, kuma mene ne rabuwar kai a jam'iyya da ke ba shi uzuri? Wa ke da hurumin yanke hukunci, 'yan sanda ko kotu? Ba a bukatar malami ya yabi mutumin ko ya kushe shi. Ɗalibai su karanta sashen, su rabu gida biyu, kowane ɓangare ya kare fahimtarsa da hujja.

Sai babin zaɓe, wanda a nan ne ya kamata a fi daɗewa. A zaɓen gwamnan Sakkwato na Maris 2019, hukumar INEC ta ce zaɓe bai kammala ba, saboda ratar da ke tsakanin Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya riga ya koma PDP, da Ahmad Aliyu na APC ba ta kai yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ba. Aka sake zaɓe a waɗannan rumfuna ranar 23 ga Maris, har da na ƙaramar hukumar Kebbe. Da aka tattara, Tambuwal ya samu 512,002, Ahmad Aliyu 511,660. Ratar ƙuri'a 342 ce a jiha mai ƙananan hukumomi 23. Shari'a ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar da sakamakon a Janairun 2020, sannan a 2023 Ahmad Aliyu ya ci kujerar. Ƙuri'a 342 ba ta kai yawan ɗaliban babbar makaranta guda ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe da yamma ya san yadda abin yake: an juye akwati a kan tabarma ko teburin makarantar firamare, malamin zaɓe na ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya yana nuna wa jama'a, ana ƙirgawa da baki ɗaya, wadda dangwalen ya haye layi biyu a ware ta gefe, wakilan jam'iyyu su sa hannu a takardar sakamako kowa ya karɓi kwafinsa. Yawan ƙuri'un da ke lalacewa saboda rashin sanin yadda ake dangwale kaɗai na iya juya irin wannan zaɓe. Ɗalibin da aka zaunar aka ba shi waɗannan alƙaluma ya lissafa da hannunsa, shin zai yarda da mai ce masa ƙuri'arsa ba ta da amfani? Gani ya kori ji.

Ko rikicin sha biyu da biyu bisa uku na zaɓen shugaban ƙasa na 1979, wanda ɗalibai ke haddacewa ba tare da sun gane shi ba, na maƙwabci ne. Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta daga garin Shagari da ke kan hanyar Sakkwato, ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a jihohi 12 cikin 19, a Kano kuma bai kai ba, sai Cif Awolowo ya kai ƙara kan ko nawa ne biyu bisa uku na 19. Wannan ƙa'ida tana nan a sashe na 179 game da gwamna: mafi yawan ƙuri'u, da kashi ɗaya bisa huɗu a aƙalla biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiha. A ce wa aji su lissafa biyu bisa uku na 23, nan take za su ga inda gizo ke saƙar.

Masu adawa da darasin na da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce ba ya ba da abinci. Uba ya ce yankin nan likita yake nema, da injiniya, da malamin gona, da ungozoma. Gaskiya ne, ana neman su ƙwarai. Amma wa ke sa hannu a kasafin da za a gina asibitin, wa ke ɗaukar likitan aiki, wa ke tabbatar da takin da aka ware wa manomin Kuchi ya isa hannunsa? Likitan da ba a biya albashi ba barin garin yake yi. Inda mulki ya lalace, kimiyya ba ta da wurin zama. Shi ya sa raba ɗan ajin kimiyya da wannan ilimi kuskure ne, domin shi ma zai yi zaɓe, watakila ma shi za a zaɓa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: tsoron kada a kai siyasa makaranta, yara su rabu jam'iyya-jam'iyya, su raina na gaba, daga nan su faɗa bangar siyasa. Wannan tsoro yana da tushe, domin Arewa ta ga 'yan daba a Kano, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, a Sakkwato kuma waɗanda ake kira eriya boyis. Sai dai a duba da kyau, wane yaro ne ake ba ƙwaya da gora a ɗora a bayan mota? Wanda ya san cewa ɗan majalisa wakilinsa ne, cewa sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar neman a yi masa kiranye idan fiye da rabin masu rajista suka sa hannu, ko wanda ya ɗauka ɗan siyasa ubangida ne mai raba alheri in ya ga dama? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jahilci ne tsagar. Inda masu wannan tsoro suka yi gaskiya shi ne batun malami. Malamin da ya mayar da aji dandalin tallar gwaninsa ya ci amanar iyaye, ko da gwanin nasa na kirki ne. Ɗalibi ya gama shekara uku bai san jam'iyyar da malaminsa ke zaɓa ba, wannan shi ne ma'aunin malamin Gwamnati nagari.

Ta uku ita ce darasin ilimin zama ɗan ƙasa, wanda aka wajabta wa kowane ɗalibin babbar sakandare a sauyin manhajar 2011, ya wadatar. Wannan darasi yana da amfaninsa: yana koyar da ɗabi'a, gaskiya, kiyaye dokar hanya, illar shaye-shaye da ƙungiyoyin asiri. Amma nasiha daban, sanin yadda injin ke juyawa daban. Ce wa yaro ya zama ɗan ƙasa nagari ba ya nuna masa yadda ƙudiri ke zama doka, ko yadda kuɗi ke tasowa daga asusun tarayya su iso ƙaramar hukuma, ko abin da ya sa titin da ya ratsa Tambuwal daga Sakkwato zuwa Jega na gwamnatin tarayya ne alhali kasuwar da ke gefensa ta ƙaramar hukuma ce. Wanda bai san wannan ba, ƙorafinsa kan tafi ƙofar da ba ita ba.

Akwai masu cewa siyasa a fage ake koyonta, kuma tsohon da ya ga zamanin jam'iyyun NPC da NEPU ya fi mai digiri saninta. Ba a musun wannan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mafita ita ce a shigo da dattijon aji. Tsohon kansila, tsohon ma'aikacin En'e, wanda ya taɓa aikin zaɓe, dagacin da ya san yadda ake sasanta manomi da makiyayi, kowannensu littafi ne mai tafiya da ƙafa, kuma ba a nisa suke ba. Akwai kuma masu ganin tsarin na Turawa ne, bai kamata a ɓata lokacin ɗan Musulmi a kansa ba. Amsarsu ita ce a ƙarƙashin wannan tsari ake yanke masa haraji, ake shari'ar gonarsa, ake tura masa jami'an tsaro ko a hana. Mai son gyara shi da mai son sauya shi, dukansu sai sun san shi tukuna.

Batun 'ya'ya mata na bukatar a tsaya a kansa. Matan Kudancin Najeriya sun yi zaɓe tun kafin 'yancin kai, amma matan Arewa ba su shiga zaɓen tarayya ba sai a 1979. A yau duk wanda ya ga layin rumfunan karkara ya san mata ne ke fara cika shi, kuma su ne masu rabon atamfa da sabulu da taliya suka fi nufa. Tambuwal na da kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, ga kuma makarantun jiha. Yarinyar da ta fahimci cewa ƙuri'arta sirri ce, kuma babu wanda doka ta ba ikon leƙa mata ita, ta koma gida da abin da za ta gaya wa mahaifiyarta da ƙannenta da 'ya'yan da za ta haifa.

Harshe ma na cikin gyaran. Da Turanci ake rubuta jarrabawa, dole ɗalibi ya iya kalmomin. Amma babu dokar da ta hana malami warware ma'ana da Hausa kafin ya koma Turanci, kuma Hausa ba ta rasa kalmomin siyasa ba: mulki, iko, adalci, shawara, wakilci, amana, ƙudiri, kiranye, tsigewa, sauya sheƙa. Yaran nan kullum suna jin su a rediyo daga bakin sojojin baka. Abin da suka rasa shi ne wanda zai haɗa musu kalmar da suka ji a rediyo da wadda suka kwafa daga allo, su gane abu ɗaya ne.

Babin da ya fi kusa da ɗalibi, wanda kuma aka fi wucewa da gudu, shi ne na ƙananan hukumomi. Gyaran 1976 ne ya kawo tsari iri ɗaya a ƙasar baki ɗaya, yanzu akwai guda 774. Sashe na 7 ya tanadi zaɓaɓɓun shugabanni, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta maye gurbin zaɓaɓɓu da kantomomi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofar neman takardu daga hukumomin gwamnati. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin zango guda ga 'yan aji biyar zai iya zama wannan: su je sakatariyar ƙaramar hukuma tare da malaminsu, su ga zauren kansiloli, su tambayi sassan da ke akwai da aikin kowanne, su dawo su zana taswirar gundumarsu, su sa alama a kan kowace rijiyar burtsatse da asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare, su rubuta a gefe wane mataki na gwamnati ne ke da alhakin kowanne, da wanda ke aiki da wanda ya tsaya. Ba ya cin kuɗin da ya wuce na takarda da fensir, kuma duk abin da ke cikinsa yana cikin manhajar WAEC.